Yaron Inna a Cikin Akwatin Kwamfuta

Kwamfutar ta shigo gidanmu na Gwadangaji, nan Birnin Kebbi, ne a shekarar da anka yaye ɗana na fari. Maigidana yana da ɗan shago a bakin titi, shi da ƙanensa, suna buga wa ɗalibai takardu, suna ɗaukar hoton fasfo, suna yi wa mutane rajistar abubuwa iri-iri ta intanet. Da sunka sayi sabuwa sai ya ɗauko tsohuwar a keke mai ƙafa uku ya kawo ta gida, don ya riƙa ƙarasa aikin da ya rage bayan la'asar. Baƙin akwati ne mai nauyi, da allo mai kauri, da wayoyi cunkus a bayansa. Ya aje shi a kan teburi a kusurwar ɗaki, ya haɗa shi da batirin solarmu, ya ce in riƙa rufe shi da zane kada yara su taɓa.

Ɗan nawa kuwa, da anka yaye shi sai anka kai shi Argungu wurin uwar mijina, wadda muke ce ma Inna. Ba wanda ya ƙwace min shi. Haka ake yi a danginsu, haka ma a namu, ni kaina a ɗakin kakata na yi wayo. Ɗan fari na kaka ne, uwarsa kuma kunyarsa take ji. Ba na faɗin sunansa. Ba na ɗaukarsa gaban mutane, ba na tambayar lafiyarsa, in ana hirarsa sai in tashi in duba tukunya. In ta kama dole in ambace shi sai in ce yaron Inna. Maigidana ma haka, ko da wasa ban taɓa jin sunan yaron a bakinsa ba.

To amma kafin a kai shi, ƙanen mijina ya sha ɗaukarsa hoto da bidiyo a waya, don shi babu ruwansa da wata kunya, ɗan wansa ne. Da wayar ta cika sai ya juye su duka a cikin wannan tsohuwar kwamfuta, ya manta. Ni na ga lokacin da maigidana ya ci karo da su yana neman wani aiki. Ya buɗe, fuskar yaron ta cika allo, ya yi maza ya rufe. Ina bayansa ina ninke kaya. Amma na ga inda hannunsa ya bi.

Karatuna bai yi nisa ba. Firamare na yi da Islamiyya, Turanci kuwa sai dai in gane harafi. Amma ina da ido. Na riƙe cewa ana danna babban maɓallin gaban akwati, a jira ya gama gurnani, a tura ɗan abin hannun nan har kibiya ta hau wata jaka ruwan ɗorawa da ke kusa da hoton kwandon shara, a danna sau biyu da sauri. Ranar da na fara gwadawa sai da na jira maigida ya fita. Na kulle ƙofar gida, na kulle ta ɗaki, na rage sauti har sai na kanga kunne.

Akwai wani bidiyo da yake koyon tafiya. Ya dafa turmi ya miƙe, ya saki, ya yi taku kamar ɗan tsako ya sha ruwan sama, ya faɗi zaune a kan gindinsa, ya dubi mai ɗaukarsa ya yi dariya da haƙoransa na ƙasa. A can gefen hoton ana ganin ƙafata da bakin zanena, ina wucewa da bokiti kamar ban san abin da ke faruwa ba. Na sani. Ina jin faɗuwar tasa har cikin cikina.

Haka na riƙa yi. In maigida ya fita shago, na gama shara da wanke-wanke, rana ta ɗan cika batir, sai in zauna. Da na haifi ƙanwarsa ma ban daina ba, tana goye a bayana ina kallon wanta. Ita ina iya sumbatarta gaban kowa, in kira sunanta tun daga zaure. Shi kuwa wannan kusurwar kaɗai gare ni. Wayata ƙarama ce mai madannai, kuma ba ta da sirri, maƙwabta su ara, yara su haska da tocinta. Akwatin nan shi ne ba ya yawo, ba ya kuma ba da labari.

Maganar rabuwa da shi ta taso ne wata Juma'a. Ƙanen mijina a unguwar Badariya yake zaune, amma duk Juma'a in an sauko masallaci gidanmu yake cin abinci. Akwai wasa tsakanina da shi, matarmu yake ce min, ni kuma in ce masa tuzuru. Suna zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, na aje musu tuwon shinkafa, na koma bakin madafa ina tsince yakuwa, ina jin su.

“Yaya, akwatunan ga sun zama kaya,” in ji shi. “Su sha wuta, su sha gyara, zafi shi kashe su. Yanzu duniya haya taka yi.”

Ya yi bayani yana kaɗa hannu da miya a yatsunsa. Wai akwai kamfanoni masu manyan kwamfutoci a wasu gine-gine masu sanyi can wata ƙasa. Kai kana nan da allo da wani ɗan abu kamar sabulun wanka, ka shiga ta intanet ka yi aikinka a kan tasu, ka aje kayanka can. Kilawud ake ce masa. Ko a shago kake, ko a gida, ko a Argungu, aikinka yana biye da kai. Solar shago ma za ta iya ɗaukar su duka ba sai an tada janareta ba.

Maigidana ba mai saurin magana ba ne. Ya gama tauna tukuna.

“To ran da sabis yat tafi fa? Ɗalibi shina tsaye da takardatai, in ce mai mi? Shi jira masu kamfani su tashi barci?”

“Ran da wuta tad dawo da ƙarfi ta ƙone muna ɗaya bara fa? Mi ka ce ma malamin nan da aikinai duka yat tafi?”

“Wannan ƙaddara ce.”

“To ƙaddarar ga, in da aikin shina kilawud, da ba ta same shi ba.”

“Kai dai kana son sabon abu. Tun kana ƙarami haka kake, ko takalmi ne sai ka yar da mai kyau don ka ga na wani.”

Sunka yi dariya. Ni ban yi ba, don na ji ƙanen ya ce har da na gida za a haɗa, a goge su tas a sayar wa masu makarantun kuɗi, su suna nema. Yakuwar da na tsince na zuba ta cikin wadda ban tsince ba.

Ban saba sa baki a maganar shago ba, amma ranar sai na ji muryata ta fita.

“Ni dai abin da ban gani da ido ba, ban yarda da shi ba. In wata ya ƙare ba ku biya ba, sai su rufe ƙofa da kayanku ciki ke nan?”

Ƙanen ya juyo da baki buɗe. “Iye! Matarmu ta yi digiri muna barci! Yaya, yaushe ka sa ta jami'a ba ka gaya muna ba?”

“Kai dai ci tuwo, tuzuru. Wanda bai da ko tukunya shi ne zai koya wa mutane ajiya?”

“Ai shi ya sa nika ajiye cikina nan gidan. Ka gani, Yaya? Ko ni kilawud nika yi da abinci.”

Maigidana ya yi murmushi, ya ce maganata tana kan hanya, za a duba. Anka bar ta a nan. Amma na san ƙanensa, in ya kama abu ba ya saki.

Daga ranar na zama mai kwashe maganar mutane. Duk abin da na ji wani ya faɗa na aibin kilawud sai in adana shi, in kawo wa maigida da abincin dare kamar zancen banza. Wai in damina ta sauka sabis gudu yake yi. Wai data tsada take ƙarawa. Wai wani ya manta lambar sirrinsa an hana shi kayansa. Rabin abin da nake faɗa ban fahimce shi ba. Shi kuma ya dube ni ya ce, “Ke mi ya dame ki da wanga abu haka?” In ce ba komai, shagon nake ji. Dalilin gaskiya kuwa na bar shi a raina.

Mutum ɗaya ce ta sani, ita ma kama ni ta yi. Maƙwabciyarmu ce, Ibo ce, mijinta yana sayar da kayan wuta a babbar kasuwa, sun daɗe a Birnin Kebbi har Hausarta ta fi ta wasu ƴan gari. Maman Ƴan Biyu muke ce mata, ita kuma har yau amarya take ce min. Wata safiya na manta ban sa sakata ba, ta shigo neman garwashi, ta same ni na kanga kunne ga allo ina hawaye.

Ta tsaya ta kalli bidiyon har ya faɗi zaune. Ta ce, “Kai, ga ƙafa irin ta babanshi. Amarya, ɗanki ne fa, ba na aro ba. Kuka kike yi a ɓoye kamar kin sato shi?”

Na kashe da sauri, na gaya mata abin da ake shirin yi. Ta riƙe haɓa.

“To ki ce wa maigidanki a bar miki hotunan mana. Magana guda ce.”

“Ba zan iya ba.”

“Ni in gaya masa. Ni ba kunyar kowa nike ji ba, na farina har a kasuwa nike kiran sunanshi ya zo ya ɗauki kaya.”

“Don Allah, Maman Ƴan Biyu, ki rufa min asiri. In kin faɗa ai ni na faɗa.”

Ta yi tsaki irin na tausayi. Ta ce mijinta dai yana cewa akwati ya fi, abinka yana ɗakinka, amma kada in ɗauki maganarsa da nauyi tunda shi akwatin yake sayarwa. Washegari ta kawo min filas, ɗan abin ajiyar kayan kwamfuta, a ƙulle a bakin zane, wai in juye hotunan a ciki. Munka tsaya ni da ita gaban kwamfutar muna juya ɗan abin, ba wadda ta san yadda ake yi. Ko da mun iya ma, in akwatin ya tafi, a ina zan saka shi in kalla? Ta mayar da abinta ta tafi.

A cikin wannan tsakanin munka je Argungu suna, wata ƴar'uwar maigida ta haihu. Lokacin an kwashe albasa, duk gari warinta yake yi, buhuna jibge a bakin hanya ana lodi. Muna shiga gidan Inna na hango shi tun daga zaure, yana jan wani gwangwani da igiya. Ya yi tsawo. Na kawar da kai na durƙusa na gaida Inna, na miƙa mata ƙanwarsa.

Inna ta kira shi. “Zo nan, maigidana, ga baƙi. Gaida Anti.”

Ya zo ya tsaya a gabana, ya ce, “Anti, ina kwana.” Matan gidan sunka kwashe da dariya, suna kallona su ga yadda zan yi. Na amsa ina duban tabarma. Amma gefen ido ba ya jin kunya. Na ga farcensa ya yi tsawo. Na ga cizon sauro a ƙwaurinsa, ɗaya ya sosa har ya yi ruwa. Na ga kuma kumatunsa cike, rigarsa wankakkiya, da yadda ya koma ya faɗa jikin Inna ta ɓare masa tsokar kifi tana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya kafin ta sa masa a baki. Ba shi da rashin komai. Wannan ma wani ciwo ne daban, ban san sunansa ba.

Yini guda muna gida ɗaya, ban dube shi ido da ido ba. Da munka dawo Birnin Kebbi, safiyar farko da maigida ya fita, ko shara ban yi ba na kunna akwatin. A nan ne na dube shi har na ƙoshi, ko da yake na cikin akwatin har yanzu turmi yake dafawa.

Sai akwatin ya fara ciwo. Da farko wata ƙara ce a cikinsa, kas-kas-kas, kamar ɓera yana cin ƙwarya. Sannan ya riƙa daɗewa kafin ya tashi. Wata rana ina tsakiyar kallo allon ya koma shuɗi da rubutu fari, ya mutu. Na zauna ina salati, na sake dannawa, ya tashi da ƙyar. Maigida a lokacin aiki ya yi sauƙi, ya kwana biyu bai taɓa shi ba, bai san halin da ake ciki ba.

Ya kamata in gaya masa a gyara tun da wuri. Amma ta yaya? Ni a saninsa goge ƙura kawai nake yi in rufe da zane. Kwamfutar da ke kashe ba ta ƙara. In na ce na ji tana ƙara, zai ce wa ya kunna? In na ce ni ce, zai ce me kike nema? Na yi ta juya maganar a raina ina neman ƙofar da zan shigar da ita, ban samu ba. Sai na yi shiru, na rage kunnawa, ina lallaɓa shi kamar mai jinya. Tsorona ya zama biyu. In anka sayar da akwatin na rasa yaron. In anka bar shi ya mutu a ɗaki, nan ma na rasa shi. Har na fara tunanin ko ƙanen mijina ne ke da gaskiya, abin da ke hannunka ma yana iya barinka kana kallo.

Ranar da maigida ya zo zai yi wani aiki na gaggawa, akwatin ya ƙi tashi sam. Ya danna, ya cire waya ya mayar, ya bubbuga gefensa. Ina tsaye da tsintsiya a hannu. Ya kira ƙanensa, ya zo da sukundireba ya buɗe cikinsa, ya hura, ya taɓa wani abu, ya samu ya tashi.

“Yaya, wanga ya kusa. Abin ajiyarshi ne ka mutuwa. In ba mu kwashe aikin shago yanzu ba, wata rana sai dai labari.”

Maigidana ya dafa akwatin. Ya ce a shago za su bar guda ɗaya saboda ranar da sabis ya tafi, a kan wannan ba zai sauka ba. Sauran a koma hayar. Na gida kuwa a kwashe abin kwashewa a rabu da shi. Ƙanen ya ce ya yarda, rabin nasara ma nasara ce.

Ya dawo da hantsi ranar Asabar, da keke yana jira a ƙofar gida. Ya zauna gaban allo, ya haɗa da wayarsa, ya shiga tura kaya. Maigida yana tsaye a bayansa yana nuna masa, wannan na shago ne, wannan ma, wancan bar shi. Ni ina bakin ƙofa da ƴar a baya, ina riƙe da labule. Ina ganin kibiyar tana yawo, ta zo kusa da jakar nan ruwan ɗorawa, ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa.

“Shi ke nan,” in ji ƙanen. “Sauran tarkace ne, tsoffin hotuna da waƙoƙi. In goge?”

Na dubi ƙeyar maigidana. Ya san abin da ke cikin jakar nan, da idona na ga ya gani. Amma ƙanensa ne a zaune, ga matarsa a tsaye. Ya sosa gemu, ya dubi taga. Bai ce a goge ba, bai ce a bari ba. Ƙanen ya ɗauki shirun a matsayin amsa, ya kai hannu.

“Akwai hotunan Inna a ciki,” na ce.

Tun kwana biyu na shirya wannan maganar. Gaskiya ce kuma, akwai Inna a wasu hotunan, tana riƙe da shi. Na ɗauka in an ceci Inna an cece shi.

Bai ko juyo ba. “Haba matarmu, Inna ai na cika waya da ita. Har wanda take barci baki buɗe ina da shi. Waɗannan sun tsufa.”

Mai keke ya yi hon a waje. Ƴar ta motsa a bayana. Na dubi ƙasa, daidai inda siminti ya tsage kusa da ƙafar teburi, na ce da tsagar:

“Da na yaron.”

Ina jin akwatin yana kas-kas ɗinsa. Na jira dariyar ƙanen mijina, don irin wannan ce abincinsa, zai iya shekara yana tsokanata da ita. Bai yi ba. Ya janye hannunsa daga kan abin dannawar a hankali ya aje a cinya.

Maigidana ya yi gyaran murya. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

“A kwashe su duka,” ya ce. “Kada a haɗa da na shago. A yi mata wurinta daban.”

Na saki labule na tafi madafa. Na zauna a kan kujera ƴar tsugunne gaban murhun da babu wuta. Ina ji anka fito da akwatin, ina ji keke ya tashi. Ranar abincin rana a bakin ƙofa na aje na gudu. Kwana da kwanaki ban iya haɗa ido da maigida ba, shi ma sai ya riƙa yi wa ƴar magana in yana son gaya min wani abu.

Yanzu a kan teburin akwai siririn allo da ɗan abin nan kamar sabulu. Ƙanen mijina ya koya min shiga, ya sa na zaɓi lambar sirri da kaina yana kallon bango. Abin da kawai ya ce shi ne, “To, mai digiri, ga ofishinki.” Hotunan suna nan, ba wanda ya ɓata. Sai dai yanzu ba ni kaɗai ke da iko da ganinsu ba. In hadari ya haɗu sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo, in zauna ina kallonsa har tukunya ta kira ni. In data ta ƙare sai in jira a sa, ba na tambaya. Kuma har yau in na tuna yaron yana ajiye a wani gini da ban san garinsa ba, hannun mutanen da ba su san Inna ba, sai in ji wani iri. Na tambayi ƙanen ko suna buɗewa su kalla. Ya ce suna da aikin yi. Wannan ba amsa ba ce.

Akwai kuma abin da ban yi zato ba. Wata safiya na shiga na tarar da hoton da ban sani ba. Yaron ne, da sabon aski, yana riƙe da allon karatu. Ashe ƙanen ya ba ƙanwarsu da ke gidan Inna hanyar jefa hoto a wurin nawa daga wayarta. Ban san me ya gaya mata ba, ban san ko Inna ta ji ba, kuma duk sanda munka yi waya da Inna sai in saurari muryarta ko zan ji alama. Ba ta nuna komai. Hotunan dai suna zuwa, wani lokaci a jere, wani lokaci a yi shiru har in fara lissafin ko ba shi da lafiya ne ake ɓoye min. Da can yaron akwati ba ya girma, ba ya ciwo, ba ya zuwa ko'ina. Wannan kuwa kullum da inda yake.

Cikin damina, da gulbi ya cika har ya hau fadama, wani hoto ya shigo. Sabis ba shi da ƙarfi, sai ya riƙa buɗewa daga sama kaɗan-kaɗan. Sararin sama tukuna, sannan ruwa, ruwa ja mai faɗi har ba a ganin ƙetare. Sannan kansa. Yana tsaye a cikin kwalekwalen da anka ɗaure a bakin gaɓa, ƙafa ɗaya a kan baki, yana dariya. Na duba ko'ina a hoton ina neman hannun babba a jikinsa. Babu. Mai ɗaukar hoton ma da nisa take tsaye.

Yinin nan gishiri sau biyu na sa a miya. Da maigida ya dawo bayan la'asar na kawo masa ruwa, na tsaya ina gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

“An ce ruwa ya cika ƙwarai a Argungu bana,” na ce.

“Na ji.”

Na ƙara tsayawa. Ya sha ruwan, ya aje kofi, ya dubi fuskata, wannan karon sosai. Sai ya ciro waya ya kira Inna. Ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi shinkafar fadama ko ruwa ya ci, ya tambayi kifi ko ya yi araha. Ina tsaye ina murza bakin gyalena. Sai da ya zo sallama ya ce, kamar abin da ya tuna yanzu:

“Af, Inna, yaran gidan nan, a riƙa hana su zuwa bakin gulbi. Duka yaran.”

Ina jin muryar Inna ƙasa-ƙasa daga cikin wayar, tana dariya tana faɗin wani abu mai tsawo. Ya saurara, ya ce to, to, Allah shi bar mu da ke, ya kashe.

“Mi ta ce?” na tambaya.

“Ta ce ta ji.”

Na san ta faɗi fiye da haka. Na ɗauki kofin na koma madafa. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa kwanon rumfa, na san yau kam ko na kunna allo ba abin da zai buɗe.